Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ikilisiyoyin Arewa: kunnuwanmu sun ƙoshi

Zuwa ga iyayenmu cikin Ubangiji, shugabannin ɗariku, bishop-bishop, rabaran-rabaran, da shugabannin ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na jihohin Arewa.

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, ina kuma yi mana ta'aziyyar waɗanda muka binne bana da bara. Sauran gaisuwar ku yafe mini ita, domin tsawon gaisuwa yana cikin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ɗan ikilisiya ne kawai, ban taɓa zama ajin tauhidi ba. Na daɗe ina riƙe da littafin sakatare a majami'armu ta ƙauye, don haka wasiƙunku da takardunku na bayan taro ni ake miƙa wa in karanta wa jama'a bayan baiko, wani lokaci in juya su daga Turanci zuwa Hausa a tsaye. Na san salon maganarku ciki da bai. Abin da ya kawo ni guda ɗaya ne: mun gaji da magana mai daɗin ji wadda in mutum ya koma gida ya tambayi kansa me aka ce za a yi, wa zai yi, yaushe za a yi, sai ya rasa amsa.

Duk ranar da aka kai hari, tun kafin takardarku ta iso na san abin da ke cikinta. Za a yi Allah wadai da kakkausar murya. Za a kira abin ɗanyen aiki da rashin imani. Za a yi kira ga gwamnati ta tashi tsaye, jami'an tsaro su zaƙulo waɗanda suka aikata, jama'a su kwantar da hankali su dage da addu'a. Sai a rufe da aya. In aka canza sunan gari da kwanan wata, takardar da ta dace da bam ɗin cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimetin 2011 za ta zauna daram a kan jajibirin Kirsimetin 2023, lokacin da aka kashe mutane kusan 200 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da Mangu. Fada Isaac Achi, wanda shi ne limamin cocin Madalla ranar da bam ɗin ya tashi, ya tsira a lokacin, sai a Janairun 2023 aka ƙone shi a cikin gidansa a Kafin Koro ta jihar Neja. Tsakanin abu biyun nan an fi shekara 11, kuma kakkausar muryar nan ba ta ƙara kaushi ba, ba ta kuma kama kowa ba.

Bari in nuna muku wata jana'iza daga inda mu muke zama, can bayan rumfa, domin daga kujerun gaba ba a ganin abin da muke gani. Ba zan kama sunan ƙauyen ba. An haƙa rami ɗaya mai tsawo a bakin gona, aka jera gawawwaki a naɗe da zannuwa da tabarmi saboda katako bai isa ba. Matan da aka kashe wa maza suna zaune a ƙasa cikin rana, inuwar ta manyan baƙi ce. Aka ba babban baƙo lasifika, ya fara jero gaisuwa: mai girma wane, Rabaran Dakta wane, mai martaba, uwargidan wane, wakilin wane. Yana tsakiyar wa'azi sai ga wani ɗan siyasa ya iso da jiniya, aka dakata, aka sake jera kujeru, aka koma gaisuwa daga farko. Wa'azin da Turanci ne mai zurfi, har mai fassara ya riƙa sosa ƙeya. Aka ce mana jinin shahidai iri ne na ikilisiya. Aka ce waɗannan taurari ne da aka ɗauke zuwa ɗaukaka, kuka na dare ne, murna tana zuwa da safe. Aka ce mu ɗaga hannu mu ce Amin mai ƙarfi, muka ce. Kafin samari su gama mayar da ƙasa motoci sun tashi, domin direbobi sun yi ta nuna agogo suna cewa hanyar nan ba ta biyuwa bayan la'asar. Wannan ita ce magana mafi gaskiya da aka faɗa a ranar, kuma ba daga bagade ta fito ba.

Da ƙura ta lafa, wata dattijuwa 'yar zumuntar mata ta kama hannun fastonmu ta ce, "Baba, to yau a ina za mu kwana? Masarar da ke gona, mu je mu cire ko mu bar musu?" Ba shi da amsa, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma a ajin firamare ya kwana tare da su a daren. Masu amsar, masu lambar wayar kwamandan soja da ta shugaban ƙaramar hukuma da ta gwamna, sun riga sun hau kwalta.

Iyayena, ba ni zan koya muku Littafi Mai Tsarki ba, a bakinku muka ji shi. Ku kuka karanta mana inda Yaƙub ya tambaya: in ɗan'uwa ba shi da sutura ba shi da abincin yini, ka ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba ka miƙa masa komai ba, me ka yi ke nan? Ku kuka gaya mana abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma ba su shiga uku ba sai da suka buɗe baki suka fara tsara bayani. Irmiya ya yi kuka da annabawa da firistocin da ke cewa lafiya, lafiya, alhali babu lafiya. Shi kansa Bulus, wanda ya fi mu duka karatu, ya ce wa Korantiyawa bai zo musu da gwanintar magana ba, ya kuma ce a cikin ikilisiya gara ya faɗi kalma biyar da za a gane da ya zuba dubu goma da ba a ganewa. Ba addu'a nake raina wa ba, Allah ya sawwaƙe. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana, kuma aya ɗaya ce ta faɗi duka biyun. Mu rabin farkon ayar muke ta ji.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ba a son a ɗaga. Bayan kowane babban hari sanarwa takan zo cewa a ɗauki baiko na musamman domin 'yan gudun hijira. Mukan ɗauka. Na ga gwauruwar da ke sayar da ƙosai a bakin tasha ta kwance gefen zaninta ta saka abin da ta samu, na ga wanda ya kawo mudun dawa domin ba shi da ko sisi. Abin da muka aika sama na rubuta shi har kwabo, yana nan a littafi. Abin da ya isa hannun waɗanda aka tara dominsu, ba a taɓa aiko mana da shi a rubuce ba. In dattijo ya yi ƙarfin hali ya tambaya a taron gunduma, sai a amsa masa da wa'azi: wai Ubangiji ba ya manta aikin ƙauna, wai kada hagu ta san abin da dama ta bayar. Wannan ayar an faɗe ta ne ga mai bayarwa, ba ga ma'aji ba. Ban ce an ci kuɗin ba. Cewa na yi ba a gaya mana ba, kuma a zamanin manzanni da aka yi gunaguni cewa ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, ba su ce a yi haƙuri a dage da addu'a ba, zaɓen mutum bakwai aka yi aka damƙa musu aikin a gaban kowa.

Ku dubi kuma mai bishara na ƙauye, wanda ya fi kowa kusa da wuta. Alawus ɗinsa yakan yi watanni bai fito ba, da noma yake ciyar da iyalinsa, kuma shi ne farkon wanda masu garkuwa suke nema. A taron shekara sai a kira shi sojan gicciye, gwarzon bakin daga, a tafa masa, ya nemi rancen kuɗin mota ya koma. A taron nan ɗaya za a buɗe gidauniyar sayen motar shugaba, a riƙa kiran sunaye da lasifika.

Kowace Janairu ana ba shekara suna. Shekarar buɗi, shekarar ninki biyu, shekarar hawa sama. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san abin da ya faru da kuɗin mota da mudun shinkafa da takin zamani. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma yawancin masu zama a bencinmu ba ma'aikatan gwamnati ba ne balle su same shi. Mutumin da ya kasa biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa ya zo sujada, ka ce masa talauci ba rabonsa ba ne, ya shuka iri mai tsoka ya ga abin mamaki kafin wata ya ƙare. Wata ya ƙare, bai ga komai ba. Yanzu bayan talaucin sai ya ɗauki wani kaya, yana zargin kansa da ƙarancin bangaskiya. A Disamba kuma ba wanda ya taɓa hawa bagade ya ce, jama'a, buɗin da muka yi shela bai zo ba. Sai dai a raɗa wa sabuwar shekara nata sunan. Matasanmu ba wawaye ba ne, suna lissafi. Ku leƙa ta taga lokacin wa'azi ku ga yawan waɗanda ke zaune a gindin mangwaro suna latsa waya, suna jiran a yi albarka su shigo. Waɗansu ma sun daina zuwa gindin mangwaron.

Zaɓen 2023 ya ƙara tona abin. An yi annabce-annabce iri-iri da sunan Ubangiji a kan wanda zai ci da wanda ba za a rantsar ba, kuma da abin ya zo akasin haka ban ji wanda ya fito ya ce ba Ubangiji ne ya yi magana ba, son zuciyata ne. Tun a Yulin 2022 mun ga mutane sanye da rigunan bishop a taron gabatar da ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa a Abuja, har CAN ta fito ta ce ba ta san su ba. Mutane sun yi dariya, ni kunya ta kama ni. Ta yaya rigar ta yi arha har kowa zai iya saka ta ya je taron siyasa? Ku ma da muka sani, mukan gan ku a hotunan ziyarar ban girma a gidajen gwamnati, ana musabaha, ana murmushi. Zuwan ba laifi ba ne, wani lokaci dole ne. Amma me kuka ce a ciki? Me aka amsa muku? An yi alkawarin sansanin soja a wane ƙauye, zuwa wane wata? In kun fito sai mu ji an yi tattaunawa mai armashi. Bayan nan sai mu ji an raba kujerun zuwa Isra'ila, a dawo da haruffa biyu, JP, a bayan suna. Annabi Natan ma fada yake shiga, amma da ya shiga wurin Dawuda ya gama misalinsa sai ya ce masa kai ne mutumin.

Akwai wani irin adon magana da ya fi wannan haɗari, kuma shi ne aka fi tafa wa. Wa'azin wuta: maƙiyanmu za su faɗi, wutar Ubangiji za ta cinye su, Fir'aunan da kuke gani yau ba za ku ƙara ganinsa ba. Ba a faɗi ko su wane ne maƙiyan ba, sai a bar yaro ɗan shekara 18 da aka kashe wa uba ya cike gurbin da kansa, shi kuwa duk mai sanda da shanu, duk mai doguwar riga da hula, ya shiga lissafinsa. A Agustan 2021 an tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba cikin Jos, suna dawowa daga taron addini a Bauci, aka kashe fiye da 20. Ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Magana a fili ita ce a tsaya a bagade a ce wa 'ya'yanmu wannan kisan kai ne, wanda ya aikata mai kisan kai ne ko da sunansa Bitrus. A kuma faɗa musu cewa a Yunin 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abdullahi Abubakar ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. A faɗa musu cewa a Zamfara da Katsina da Sakkwato Musulmi ne ake kwasa ana kashewa, kuma a Tudun Biri masu Mauludi ne jirgin soja ya jefa wa bam a Disambar 2023. Faɗin wannan bai rage komai daga jinin Deborah Samuel da aka kashe a kwalejin ilimi ta Sakkwato a Mayun 2022 ba, bai kuma hana a tambaya da suna ba: wa aka hukunta a kan kisanta? Duka biyun magana ce a fili, kuma duka biyun sun fi wa'azin wuta wahalar faɗa.

Kada ku ɗauka ban san akwai waɗanda suka biya da ransu a cikinku ba. Rabaran Lawan Andimi, shugaban CAN na Michika, ɗan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN), Boko Haram suka kama shi a farkon Janairun 2020 suka kashe shi kafin watan ya ƙare. Duk wanda ya kalli bidiyon da aka ɗauke shi a hannunsu ya san yadda ya yi magana: a natse, gajeriya, ba ƙawa. Ya ce yana hannun Allah, in an ƙaddara zai koma ga iyalinsa, in ba a ƙaddara ba a yi haƙuri. Bai ɗaga murya ba, bai nemi a ce Amin ba, amma har yau mutane suna riƙe da maganar. Haka kuma Bishop Stephen Mamza na Yola. Lokacin da Mubi da Michika da Madagali suka faɗi a 2014, har hedikwatar EYN ta Kwarhi ta tashi, ya buɗe harabar babban cocin Katolika na Yola ga dubban masu gudun hijira, aka ciyar da su. Daga baya aka gina musu gidaje 86 a Sangere Marghi, aka buɗe a 2021, da makaranta da coci, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Wannan abu ne da mutum zai hau mota ya je ya ƙirga ƙofofi.

Kakanninmu ma ba don an fi su iya magana suka karɓi bishara ba. Mutanen da suka fara sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923 sun bi ta da makaranta da asibiti da wurin jinyar kutare. Asibitin Vom tun 1922 yake, asibitin ido na Kano tun 1943, kuma har gobe Musulmi da Kirista suna layi ɗaya a can. An fitar da Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932 domin manomi da mai tallar nono su ji da kunnensu. Yau ɗan wannan manomin ya yi digiri uku, ya dawo yana yi wa uwarsa wa'azi da harshen da sai an fassara mata.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. In an kashe mana mutane, ku ba mu sunayensu, ƙauye ƙauye, a rubuce, a ajiye a ofishin ɗarika, domin gwamnati takan ce 30 mu ce 100, kuma mai suna a hannu shi ke da hujja. Ikilisiya tana da reshe a lungun da ko ɗan sanda bai taɓa takawa ba, babu wanda ya fi ku iya wannan aikin. Muna da lauyoyi a bencinmu, ku sa su bi shari'a ɗaya tak har ƙarshenta, ku riƙa gaya mana ranar zama da abin da alƙali ya ce. Baikon 'yan gudun hijira a manna lissafinsa a ƙofar coci, shiga da fita. In kun shiga wurin gwamna, ku fito ku ce mun nemi kaza, ya ce kaza, mun ba shi zuwa wata kaza, in watan ya cika ku dawo ku ce ya cika ko bai cika ba. In kuma ba ku da abin yi, ku ce mana ba mu da abin yi, mu ma tsoro muke ji. Wallahi za mu fi girmama wannan.

An sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilun 2014, yawancinsu 'ya'yan ikilisiya, gommai daga cikinsu har yau ba su dawo ba. Leah Sharibu tana hannu tun Fabrairun 2018 da aka kwashe 'yan makarantar Dapchi. Ɗaliban makarantar Baptist ta Bethel a Kaduna 121 aka kwashe a Yulin 2021, aka riƙa sako su kashi-kashi, na ƙarshensu sai da ya haura shekara biyu. Duk shekara in ranar Leah ta zagayo akan kira ta jarumar bangaskiya, a yi mata waƙa, a buga hotonta a kalanda. Jaruma ce, babu musu. Amma 'yar mutane ce, kuma abin da iyayenta ke so su ji shi ne wa aka gani a kan maganarta a bana, me ya ce, yaushe za a koma.

Damina tana tafe. Akwai ƙauyuka a Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da kudancin Borno da mutanensu ke zaune a makarantu da gidajen dangi, ba su san ko za su yi shuka ba. Kafin ruwan farko ya sauka, ku zauna da hakimai da arɗaɗɗan Fulani da limamai da jami'an tsaro na kowane yanki, ku dawo ku gaya wa kowace ikilisiya da Hausa ko da harshen garin: wannan ƙauye za a iya komawa, wannan kada a koma tukuna, ga wanda ya ɗauki alhakin tsaro, ga lambar da za a kira in an ga baƙin fuska. Iri da taki kuma, in akwai abin da ya rage daga baikon bara, yanzu ne lokacinsa.

Naku cikin Ubangiji,
wani sakataren ikilisiya daga Kudancin Kaduna